Motar da Ba a Jin Kukanta Daga Ciki

An yi wani mutum mai sayar da kayan gini, wanda kowa ke kira Lallaɓa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ka ce masa, "Ya kasuwa?" sai ya langaɓar da kai ya ce, "Lallaɓawa muke yi." Ya iyali? "Ana lallaɓawa." Ko ranar da aka sauke masa tirela uku ta siminti suka ƙare kafin la'asar, amsar ke nan, ba ta canjawa.

Ya 'yan'uwa, ku ba ni kunnuwanku, don abin da ya ci mutumin nan ba giya ba ce, ba caca ba ce, ba neman mata ba ne. Da ɗaya daga cikin waɗannan ne da na ce kowa ya san hanyar gudu. Abin da ya ci shi zunubi ne mai tsabta, mai fararen kaya, wanda har yabon mai shi ake yi.

Mahaifinsu ya rasu tun yana ƙarami. Wansa ne ya riƙe shi, wani bakanike da yake kira Yaya. Yaya ya ajiye karatu ya ɗauki sifana don ƙanensa ya ci gaba da zuwa makaranta. Garejinsa yana bakin titi a gindin wani gangare, ƙarƙashin bishiya. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, kujerar baƙi kuwa kujerar wata matacciyar mota ce da aka ɗora a kan bulo. Daga wannan baƙar ƙasa aka ciyar da Lallaɓa, aka tufatar da shi, aka kama masa shagonsa na farko. Mahaifiyarsu, Inna, tana zaune gidan Yaya, ta tsufa, yanar ido ta fara rage mata gani.

Allah ya buɗa wa Lallaɓa. Shago ɗaya ya zama uku, ya gina sito, ya gina gidan sama. To, da arziki ya zauna, sai zuciyarsa ta haifi 'yan biyu marasa jituwa. Ɗaya yana so manyan gari su san shi ma ya iso. Ɗayan kuma ba ya so danginsa su sani, kada su zo da buƙata. Ya za a yi mutum ya buga ganga, na nesa ya ji, na kusa bai ji ba?

Shaiɗan ba ya rasa dabara. Wani ɗan kwangila da ke sayen kaya a wurinsa ya dafa kafaɗarsa wata rana ya ce, "Mutumina, mota mai walƙiya ta masu sabon kuɗi ce, waɗanda yunwa ba ta gama sakinsu ba. Masu kuɗin gaske motarsu ba ta surutu. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba kuwa dama ba da shi ake ba."

Maganar nan ta shiga Lallaɓa kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Bai yi wata biyu ba ya sayo motar.

In kun gan ta ba za ku waiwaya ba. Ruwan toka ce, ba ƙyalli, ba ado, ba manyan fitilu. Har rubutun da ke bayanta mai nuna girman injin ya sa aka ɓamɓare. Kai ka ce motar tsohon shugaban makaranta ce da ya ajiye aiki. Amma kuɗinta zai sayi goma irin waɗanda samari ke tsayawa kallo. Kujerunta fata ce mai laushi kamar tafin jariri. Gilashinta ninki biyu ne, mai kauri. In ka shiga ka ja ƙofa, duniya ta yi tsit, ba ka jin odar babbar mota, ba ka jin ihun masu talla, ba ka jin ko injinta. A kan wannan shirun aka fi zuba kuɗin.

Daga nan Lallaɓa ya fara cin kasuwa biyu da jari ɗaya.

In ya je taron manya, sai ya ajiye ta can ƙarshen layi, ya fito yana sunkuyar da kai, amma wutsiyar idonsa tana kan mutane. Ba a daɗewa wani masani zai zagaya ta, ya duba tayoyi, ya ƙwanƙwasa gilashi da zobe, ya matso ya raɗa masa, "Kai, ashe ka shigo sahu ba labari!" Sai ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, 'yar tsohuwa ce." Bakinsa na faɗin haka, zuciyarsa na rawa.

In ya dawo unguwa kuwa, sai ka ji dattawa a ƙofar masallaci suna cewa, "Ku dubi Lallaɓa. Shago uku, amma ku ga abin da yake hawa. Wannan bai ɗauki duniya da zafi ba." Masu gini suka riƙa tura juna wurinsa, suna cewa mutumin da bai damu da duniya ba ba zai rage maka awon rodi ba. Shi kuma yana ji, yana shafa gemu, yana cewa, "Mu su wa? Bayin Allah ne kawai."

Ya 'yan'uwa, malamai sun gaya mana akwai irin riyar da ta fi tafiyar tururuwa ɓuya. Mai jan mota da kiɗa kowa ya san ciwonsa, har a yi masa nasiha. Amma wanda ya mai da tawali'u rigar ado, wa zai ce masa ya tuɓe? Kura ce ta yafa fatar akuya, har ita kanta ta fara yarda cewa akuya ce.

Ranar da ya fara kai motar gidan Yaya, Inna ta fito tana dafa bango. Da yake idonta ba ya gani sosai, sai ta shafa jikin motar da hannu. Ya ce mata ta hannu ce, wani ne ya matsu ya sakar masa da araha. Tsohuwa ta ce, "Ba komai, ɗana, da babu gara ba daɗi. Ka yi haƙuri da ita, na gaba ma da haka suka fara."

Ta yarda da shi har cikin ranta. Da likita ya ce sai an yi mata aiki a idanu biyun, ta kira Yaya gefe ta ce, "Kada ka kuskura ka faɗa wa ƙanenka. Ka ga shi ma lallaɓawa yake, ga iyali. Kada mu ɗora masa." Yaya ya bi maganarta. Ya ƙara karɓar aiki, ya daina hutun rana, har ya samu aka yi mata ido ɗaya. Ɗayan aka bar shi yana jiran Allah. Lallaɓa ya ji labarin aikin daga baya, ya zo da 'yar ledar lemo, ya yi sannu, ya ce da ya sani da ya ɗan taɓa wani abu ko da yake kasuwar sai a hankali. Ya fita ya shiga motarsa ya ja ƙofa.

A duk garin mutum ɗaya Lallaɓa ke tsoro, shi ne wansa. Mutumin da ya shekara talatin kwance ƙarƙashin motoci, in ya buɗe bonet sau ɗaya ai magana ta ƙare. Saboda haka motar nan ba ta taɓa taka garejin Yaya ba. In zai gaida Inna, can bakin layi yake ajiye ta ya ƙarasa da ƙafa, wai layin ya matse. In hanya ta biyo da shi ta gangaren garejin, sai ya taka mai ya wuce, ya ɗaga hannu ta cikin gilashi. Gyaranta kuwa sai wani gareji na musamman a wani gari mai nisa, inda ba wanda ya san uwarsa.

Akwai wani mai facin taya kusa da Yaya, tsoho mai barkwanci, bakinsa ba ya shiru. Duk ranar da motar ta wuce sai ya ce, "Oga, ga ƙanenka can ya wuce kamar an biyo shi! Wai shin hannunka ne ya raina, ko warin baƙin mai ne ke sa shi tari? Motar kowa na zuwa nan, har ta maƙiyanka, ban da ta ɗan cikin uwarka."

Yaya ya kan yi murmushi ya ce, "Motar da ba ta ciwo me za ta zo yi asibiti? Kai dai riƙe facinka, jiya ma wanda ka liƙe bai kai kwana ba."

A yi dariya a watse. Amma maganar tana cin sa. Da can ƙanensa ya kan zo ya zauna a kujerar nan ta kan bulo su yi hira har rana ta juya. Yanzu sai gaisuwa a tsaitsaye. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa ta koma kan totur. Shekara uku ana haka, mota tana cin abin da ke tsakanin wa da ƙane kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ba a ganin komai.

Ran nan da safe aka tashi da ruwan sama. Lallaɓa ya zo gaida Inna, ya ga ba zai iya taka taɓo da takalminsa ba, sai ya shigo da motar har ƙofar gida. Da ya fito zai tafi, Yaya na tsaye a bakin ƙofa yana jiran ruwa ya tsagaita. Lallaɓa ya karya sitiyari zai juya. Nan take Yaya ya ɗaga hannu, ya shigo cikin ruwan, ya ƙwanƙwasa gilashi. Lallaɓa ya sauke shi kaɗan, iyakar yatsu huɗu.

Yaya ya ce, "Sake karya ta hagu in ji."

"Lafiya dai, Yaya?"

"Ƙafarta ta gaba tana kuka. Ba ka ji ba?"

"Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji, kana ciki? Ni da ke waje na ji. Ƙarfen da ke riƙe tayar nan ya cinye. Biyo ni gareji in ɗaga ta in duba, kafin shayi ya huce na gama."

"Sauri nake, Yaya. Sai wani satin."

Yaya ya share ruwan da ke fuskarsa ya ce, "Ƙanena, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In hannuna ne ba ka so, kai ta wurin wanda kake so, ban ji haushi ba. Amma don Allah kada ka yi gudu da ita a haka."

Lallaɓa ya ce to, ya ɗaga gilashi.

Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da ya hau titi sai ya kashe rediyo, ya kasa kunne, ya karya hagu, ya karya dama. Tsit. Sai zuciyarsa ta ce masa, "Ka gani? Dabara ce. So yake ya leƙa ƙarƙashinta ya gane kuɗinta, gobe dangi su yi layi a ƙofarka." Ku dubi inda mugun zato ya kai shi. Mutumin da ya goya shi a baya, shi ya mayar ɗan leƙen asiri.

Duk da haka ya ɗan tsorata, ya buga wa garejin nan na nesa waya. Suka ce ya kawo ta ya bar ta mako guda. To, ga shi jibi ɗan kwangilar nan zai buɗe wasu sababbin gidaje, duk wani mai faɗa a ji zai halarta. Ya je a motar haya? A ce me? Ya ce a ransa bayan taro ya kai ta. Abin da ya daɗe bai faɗi ba ai ba zai faɗi yau ba.

Ya 'yan'uwa, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma mutumin nan da kuɗinsa ya sayi kurumta. Abin da ya fi tsada a motar shi ne ya toshe masa kunne daga ciwonta. Haka zunubin ɓoye yake. Mai shi yana zaune a ciki cikin sanyi, ba ya jin komai, na waje ne ke jin ƙarfe na cin ƙarfe.

Ranar taro da hantsi ya ci ado ya fito. Hanyar ta bi ta gangaren garejin Yaya. Kamar yadda ya saba, ya taka mai don kada a tsai da shi. Ruwan shekaranjiya ya haƙa wani rami a tsakiyar gangaren. Tayar hagu ta faɗa ciki, ƙarfen ya ɓalle, tayar ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi. Motar ta juya sau biyu, ta daki bakin wata babbar kwata, ta kife a gefenta.

Lallaɓa bai suma ba, kuma da ya suma da ya fi masa sauƙi. Gaban motar ya danne masa ƙafafu biyu. Ƙofofi suka ƙulle. Warin fetur ya cika ciki. Ya ga mutane sun rugo, yana ganin bakunansu na buɗewa, ba ya jin abin da suke faɗa. Shi ma yana ihu, ba mai jin sa.

Jama'a suka ɗauko duwatsu suka hau dukan gilashi. Gilashi ya yi fari kamar gishiri, ya ƙi faɗuwa. Wani mai babur ya jefar da dutsensa ya ce, "Jama'a, wannan gilashi ne ko ƙarfe? Wace irin mota ce wannan?" Waɗansu suka koma gaba suna ƙoƙarin ɓalle bonet, su cire batir kafin wuta ta tashi.

Mai faci ne ya gane motar. Ya kwasa da gudu irin wanda bai yi ba tun yana saurayi, yana kiran, "Oga! Oga! Ƙanenka!"

Yaya ya iso ba takalmi, da jak a hannu ɗaya da doguwar ƙarfe a ɗayan. Ya ga masu fama da bonet ya daka musu tsawa, "Ku bar nan! Batirin ba a gaba yake ba!" Ya zagaya baya, ya ɓalle but da ƙarfen, ya ɗaga wani murfi a ƙasa, ya cire kan batir kamar wanda ya saba da wurin. Ya laluba wani maɓalli da ba wanda ya san da shi, kujerar baya ta kwanta. Ya rarrafa ciki, cikin warin fetur, ya kafa jak tsakanin kujera da gaban motar, ya riƙa ɗagawa a hankali yana cewa, "Riƙe wuyana, ƙanena. Kada ka dubi ƙafar, ni za ka duba. Riƙe ni." Haka ya jawo shi ta baya, kamar yadda ake zaro ɗan akuya daga rijiya.

Ana fito da shi ya suma. A asibiti aka ce ƙafafu biyu sun karye, ƙugu ya goce. Da ya dawo hayyacinsa bayan kwana biyu, Yaya na zaune kusa da gadon, rigar aikin ma bai canja ba. Lallaɓa ya dube shi ya ce, "Yaya, ya aka yi ka san batirinta a baya yake?"

Yaya ya ce, "Tun ranar da ka fara kawo ta, da ka rufe ƙofa na san ko mece ce. Kunnena ai ba ado ba ne. Cikin makon na rufe gareji na tafi wurin wani abokin sana'ata da ya taɓa aikin irinta, na yini yana nuna mini cikinta. Na ce wata rana ƙanena zai buƙace ni, kada in tsaya ina lalube."

"Shekara uku ka sani?"

"Na sani."

"Me ya hana ka tona ni?"

"In tona ka in ci me? Asirinka ai rigata ce, in na yage ta wa ya yi tsirara? Jira nake ka faɗa da bakinka."

Lallaɓa ya juya fuskarsa bango.

Amma abin da Yaya ya rufe, titi ya buɗe. An jawo gawar motar an ajiye a gaban gareji, don nan ne kusa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Wanda ya sani ya gaya wa wanda bai sani ba, kafin mako ya zagayo har masu talla sun san kuɗin motar Lallaɓa, sun ma ƙara nasu a kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya 'yan'uwa. Dattawan da suka yabe shi suka riƙa kallon juna. Masu gini suka ce, "Wanda ya iya ɓoye wa uwarsa, mu su wa?" Suka fara auna rodinsa da tef a gaban yaran shagonsa, daga baya suka daina zuwa. Ba don sun kama shi da ha'inci ba. Amanar da suka ba shi a kan fuskar ƙarya aka gina ta, da fuskar ta faɗi sai ginin ya bi ta.

Manyan da ya yi duk wannan dominsu fa? Ɗan kwangila ya bugo waya sau ɗaya, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya tambayi ko injin motar ya tsira don yana da mai so. A watan ya koma sayen kaya wurin wani. Wata bakwai Lallaɓa na kwance. Shago biyu suka rufe, sito ya koma hannun wani. Sunan da ake kiransa da shi don ƙauna ya zama abin zolaya, in wani ya yi ƙaryar babu sai a ce masa, "Kai ma lallaɓawar kake?"

Da aka sallame shi, gidansa na sama bai karɓe shi ba, don ba ƙafar hawa bene. Yaya ya kwashe kayan ɗakinsa na ƙasa ya shimfiɗa masa katifa, bango ɗaya tsakaninsa da Inna. Shi ke ɗaga shi da safe kafin ya tafi gareji, shi ke kai shi makewayi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Inna kuwa ba wanda ya gaya mata gaskiyar motar. Maƙwabta sun ji nauyinta, Yaya ya hana 'yan gida. Kullum ta lallaɓo ta zauna bakin katifar tana yi masa fifita tana cewa, "Kayya, ɗana. 'Yar motar da kake maleji da ita ma ta tafi." Duk sanda ta faɗi haka sai ya ji kamar an sake karya ƙafar. Zai iya yin shiru har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ba mai tilasta shi. Nan ne jarrabawarsa ta gaskiya take, ba a cikin kwata ba.

Wata rana da yamma, Yaya ya dawo daga aiki yana wanke hannu a tsakar gida, Lallaɓa ya kira shi ya ce ya shigo ya zauna. Ya kama hannun Inna ya faɗa mata komai. Ya faɗi ko wace irin mota ce. Ya faɗi cewa lokacin da ake neman yadda za a yi mata aikin ido, abin da ke hannunsa zai yi wa mutum ɗari. Ya faɗi zaton da ya yi wa wansa ranar ruwan sama. Bai rage ba, bai sa wa maganar gishiri ba.

Tsohuwa ta ajiye mafici. Yaya ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Ido ba komai ba ne, na ga abin da zan gani a duniya. Abin da ya yi mini ciwo daban ne. Shekara uku ina ɗaga hannu ina roƙa maka abin da Allah ya riga ya ba ka. Ina kuka ina cewa ya dubi ɗana. Ashe ya duba tun tuni, ni ce ban gode ba. Da ka faɗa mini, ɗana, da ba kuɗinka zan nema ba. Godiya zan yi. Ka hana ni godiyar shekara uku."

Lallaɓa ya kifa kansa a ƙafafunta yana kuka kamar yaro, yana cewa ta yafe masa.

Ta dafa kansa ta ce, "Ɗago, kada ka jiƙa mini zane. Na yafe maka duniya da lahira. Ga ka da ranka, ga bakinka ya faɗi gaskiya ba wanda ya matse ka, ga ku nan ku biyu a ɗaki ɗaya. Yau dai na san abin da zan gode wa Allah a kai, kuma ba wanda zai hana ni." Ta juya wajen Yaya ta ce, "Kai kuma munafuki, ka sani ka bar ni ina ta kuka?"

Yaya ya ce, "Inna, ai ke kika ce kada in ɗora masa."

Ta ɗauki mafici ta kai masa duka, dukansu uku suka fashe da dariya, hawaye na zuba.

Tubansa ba na muzuru ba ne. Ya tashi da sanda, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shago ɗaya ya rage masa. Ya bi dangi gida gida yana neman afuwa, wanda ya taɓa kora da ƙaryar babu ya gaya masa da akwai. Mutane ba su dawo a rana ɗaya ba, amma a daɗe ana yi sai gaskiya. Ɗaya ya dawo, ya jawo biyu. Bai sake kai inda ya kai da ba, sai dai abin da ya samu daga baya ya ci shi da 'yan'uwansa a faranti ɗaya, kuma ya fi yi masa daɗi.

Ya 'yan'uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce na haramta mota mai kyau. Ban haramta ba. Wanda Allah ya ba, ya hau abin da ya ga dama. Kada kuma a ce duk mai kuɗin da ya hau mota marar ado munafuki ne. Akwai mai gudun ɓarawo, akwai mai gudun ido, akwai wanda har ga Allah ado bai dame shi ba, kuma waɗannan Allah ya ƙara mana irinsu. Ƙarfe ba ya zunubi. Tambayar da kowa zai yi wa kansa ita ce: wa nake ɓoye wa, kuma wa nake so ya gane? In wanda kake ɓoye wa shi ne mai hakki a kanka, uwarka, ɗan'uwanka, matarka, wanda kake yi wa alama kuwa baƙo ne da ko sannu ba zai zo yi maka ba, to, ba tawali'u kake ba. Rowa ce da girman kai suka yi aure, ka ba su ɗaki a zuciyarka.

Kuma ba sai mai mota ba. Wani a tufafinsa yake yi, wani a maganarsa, wani a kukan babu da ya mayar gaisuwa. Ni'imar da aka ɓoye wa masu hakki ba a gode mata ba, ni'imar da ba a gode mata ba kuwa baƙuwa ce, takalminta na bakin ƙofa.

In Allah ya ba ka wanda zai tsaya cikin ruwa ya ƙwanƙwasa maka gilashi ya ce wani abu na kuka a tafiyarka, sauke gilashin har ƙasa. Ba kowa ke da irinsa ba. Wanda kuma ya riga ya faɗa kwata, kada ya yanke ƙauna. Mutumin nan ya rasa mota, ya rasa shaguna, ya rasa suna, amma da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya sai ya tarar uwa da ɗan'uwa suna nan inda ya bar su. Ubangijin da ya sa wannan tausayi a zuciyar uwa, ina ga nasa? Ƙofarsa a buɗe take, ba sai an karya ƙafa ake shiga ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya ba mu arzikin da ba za mu ji kunyar nuna wa iyayenmu ba. Ya sa cikinmu da wajenmu su zama ɗaya. Ya bar mu da masu gaya mana gaskiya, ya ba mu kunnen jin ta tun ƙafa na kan hanya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.